Kuɗin Neman Kuɗi: Abin da Na Gani a Abakwa ta Kaduna

Matafiyin da ya shigo Kaduna ta hanyar Zariya, da ya haye gadar Kawo sai titin Ali Akilu ya karɓe shi, ya miƙa da shi har shataletalen Lugard. Titi ne mai tarihi. A kansa hedikwatar Jama'atu Nasril Islam take, ƙungiyar da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya kafa a 1962 tare da malamai irin su Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. A gefensa tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshin soja yake, wato NDA da aka buɗe a 1964, kuma Masallacin Sultan Bello na Unguwar Sarki ba shi da nisa daga bakinsa. A bayan waɗannan manyan gine-gine akwai unguwannin da ba a cika buga hotonsu a kalanda ba: Unguwar Kanawa, Unguwar Shanu, da Abakpa, wadda mutanen gari suka fi kira Abakwa.

A Abakwa na sauka, gidan kawuna. Biki ne ya kawo ni daga Sakkwato. Amma da yake kawun nawa, tsohon ma'aikacin gwamnati mai cin fansho, shi ne ma'ajin wani kwamitin tallafa wa marayu na unguwa, ni kuma ina riƙe da sakatarancin wata ƙaramar ƙungiya irin tasu a gida, hirarmu ba ta je ko'ina ba ta gangaro kan kuɗi. Rabon kuɗi kowa ya iya shi. Nemo su ne aiki, kuma shi na sa ido a kai har na bar garin.

Abin da na taho da shi guda ne. Duk nairar da ta isa hannun maraya, an kashe wani abu kafin a same ta, kuma akwai wanda ya biya. Mun dai saba ba ma rubuta wannan kuɗi, ba ma faɗarsa a gaban jama'a, kuma shirun da muke yi a kansa ya fi rowar masu hali cutar da ƙungiyoyinmu.

Garin albashi

Kaduna ba irin Kano ba ce, inda attajiri ɗaya a Kantin Kwari ko Singa zai iya ɗauke nauyin Islamiyya sukutum. Turawa ne suka kafa ta domin mulki da bariki da jirgin ƙasa, suka maido hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Mutanenta ma'aikata ne da sojoji da 'yan fansho, sai masu sana'ar da ke jiran waɗannan su karɓi albashi su ma su gani a ƙasa. A da masaƙun Kakuri sun riƙe dubban gidaje. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, aka rasa ɗimbin mutanen da a da ake iya dogaro da ɗan abin da za su ba da duk wata.

Littafin kawuna ya nuna wannan ƙarara. Daga ƙarshen wata zuwa farkon sabo shafi cike yake da sunaye. Tsakiyar wata kuwa fari fat. Mafi yawan masu bayarwa 'yan ɗari biyar ne da dubu ɗaya da dubu biyu. Kuma ba su suke kawowa ba, bin su ake yi: wannan a shagonsa, wancan a ofis, wani ya tashi daga unguwar ya koma Malali ko Rigasa amma ya ce kada a cire sunansa.

A nan lissafin ya fara karkacewa. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A Disambar wannan shekara hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, Jihar Kaduna ta ce za ta biya 72,000, amma a lokacin buhun shinkafa ɗaya ya fi wannan albashi tsada. Mai ba da dubu ɗaya bai ƙara ba, ba shi da halin ƙarawa. Kuɗin Keken da za a hau a je a karɓo dubun kuwa ya ninka.

Kada wani ya ce mutane ne suka yi rowa. A rahoton da gidauniyar CAF ta Ingila ta fitar a 2025 kan kyauta a duniya, Nijeriya ce ta zo ta ɗaya, inda aka kiyasta mutanenta suna ba da kashi 2.83 cikin ɗari na abin da suke samu. Hannu a buɗe yake. Tattara ƙananan kuɗi daga hannaye da yawa ne ke da tsada.

Ranar gidauniya

Zuwana ya dace da taron gidauniyar wata Islamiyya da ke son ƙara azuzuwa. Wanda ya taɓa halartar ɗaya ya san tsarin: rumfuna, kujerun roba na jama'a, na kushin na manyan baƙi, lasifika, janareta yana ruri a bayan katanga, yara cikin sabon yunifom suna jiran a kira su su rera karatu. A katin gayyata an sa hantsi. Babban mai ƙaddamarwa sai bayan azahar aka ji ɗuriyarsa, shi ma wakili ya turo da uzurin cewa aiki ya riƙe shi a Abuja.

Daga nan sanƙira ya karɓi fili. Alhaji wane ya yi alƙawarin siminti, a yi kabbara. Honorabul wane ya ɗauki rufin aji guda, a yi kabbara. Wani bawan Allah da ba ya so a ambaci sunansa ya ba da kaza, sai kowa ya juya yana kallon bawan Allah ɗin. Da aka karanta jimilla wurin ya ɗauki sowa, har wasu iyaye mata suka rangaɗa guɗa.

Bayan magariba kawuna ya ja ni muka zauna da 'yan kwamiti a kan tabarma. Takarda uku ce a gabansu. Ta farko abin da ya shigo a hannu, tsaba da wanda aka ji alat ɗinsa. Ta biyu alƙawura, kuma ta ninka ta farkon sau da yawa. Ta uku ba a karanta ta a lasifika ba: mai rumfa, mai kujeru, mai kayan sauti, man janareta, maɗaba'ar da ta buga kati, sanarwar da aka sa a rediyo, ruwan leda da lemo, abincin manyan baƙi, mai bidiyo, ɗan goron 'yan agaji da masu tsaro, kuɗin motar waɗanda suka zo ɗaukar labari. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ke karɓar alƙawari. Wasunsu ma suna tsaye a ƙofa.

Shugaban makarantar ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce, "Malam, ka gani ko? Alƙawari na Alhaji ne, bashi kuwa namu ne."

Washegari ake fara kashe kuɗi na biyu, wato bin alƙawari. A je gida a ce Alhaji yana barci. A je ofis a ce Oga ya yi tafiya. A buga waya a ji "za ku ji daga gare ni," ko "ku bari bayan Sallah." Kowane zuwa da kuɗin motarsa, kowane kira da katinsa. Akwai kuma abin da ba ya shiga takarda: dattijo mai furfura, malamin da unguwa take tsugunna wa, yana zaune a benci a ƙofar gidan sa'an ɗansa, maigadi yana ce masa ya ƙara haƙuri. Kawuna ya ce akwai alƙawuran da suka yafe don kawai kada su ƙara tura liman.

Wannan ciwo bai tsaya ga ƙananan ƙungiyoyi ba. A ranar 31 ga Yulin 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya tara attajiran ƙasar nan da gwamnoni da bankuna a Abuja don kafa asusun tallafa wa waɗanda rikicin Boko Haram ya shafa, aka sanar da alƙawarin sama da naira biliyan 58. Shugaban asusun, Janar T. Y. Danjuma, daga baya sai da ya riƙa fitowa fili yana roƙon waɗanda suka yi alƙawari su cika. In tsohon hafsan hafsoshin soja kuma tsohon ministan tsaro ya sha wannan, ina ga shugaban Islamiyya a Abakwa?

Kuɗin ɗan siyasa kuwa, in sun zo, da igiyarsu suke zuwa. A shekarar zaɓe gidauniya takan yi albarka, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Za a so a ga suna a jikin bango, a ga yaran makaranta a wurin gangami. Daga ranar rabin unguwa sun ɗauki ƙungiyar ta jam'iyya kaza ce, sun janye hannu, kuma in mulki ya juya ƙofofin da aka saba shiga sai su rufe.

Duk da haka ban ga wanda ya ce a daina taron ba, kuma suna da hujja. A ranar ne unguwa take sanin ana aiki. A ranar ne kunya take ciro abin da wa'azi bai ciro ba. Wasu daga cikin masu ba da dubu ɗaya duk wata a irin wannan taro aka fara samun su. Abin da ya rage shi ne a san nawa taron ya ci, a auna shi da abin da ya kawo a hannu, a bar auna shi da abin da sanƙira ya karanta.

Kuɗin takarda

Ƙungiyar da take son ta wuce matakin faranti da kwali, sai ta yi rajista da hukumar CAC a ƙarƙashin dokar kamfanoni da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2020. Za a fitar da amintattu, a rubuta tsarin mulki, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Yawancin mutane ba sa iya bin wannan hanya sai da lauya ko wakilin da ya san kanta. Bayan satifiket ya fito, akwai rahoton da ake kai wa hukumar a kai a kai, wanda in an yi jinkiri tara take hawa. Banki zai nemi lambar haraji da takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Mai son ba da babban tallafi kuma zai nemi rahoton odita, odita kuwa ba fi sabilillahi yake aiki ba.

Sashe na 839 na waccan doka, wanda ya ba hukuma damar dakatar da amintattun ƙungiya ta naɗa masu riƙo, ya tayar da ƙura a lokacin, musamman daga shugabannin coci-coci. Daga Fabrairun 2023 zuwa Oktoban 2025 kuma Nijeriya tana cikin jerin ƙasashen da hukumar FATF ta duniya ta sa wa ido kan zirga-zirgar kuɗi, abin da ya sa bankuna suka ƙara tsaurara tambaya kan duk kuɗin da ya shigo wa ƙungiya daga waje.

Ba na cewa waɗannan dokoki banza ne. An ga abin da ake yi da sunan ƙungiya. Sai dai nauyinsu kusan ɗaya ne a kan mai tara miliyan guda a shekara da mai tara miliyan ɗari. Babba ba ya jin sa, ƙarami kuwa kuɗin kayan Sallar marayu da yawa ne. Shi ya sa kwamitoci da dama suke haƙura da rajista, su riƙa amfani da asusun ma'aji na kansa. Wannan araha ce mai tsada. Mai bayarwa ya ga sunan mutum a maimakon sunan ƙungiya, zuciyarsa ta yi rawa. Kawuna ya ce abin da ya sa ya matsa sai da suka yi rajista ba wannan ba ne ma. Ya ce, "Ɗan nan, ranar da na faɗi na mutu, wa zai hana a zuba kuɗin marayu cikin gadona a raba?"

Taimako ta waya

Matasan unguwar suna ganin duk wannan wahalar ta tsofaffi ce. Su a Facebook da WhatsApp da TikTok suke nema. A sami marar lafiya a asibitin Barau Dikko ko wani asibitin, a ɗauki hoto da takardar likita, a sa lambar asusu, kafin dare alat ya fara shigowa, har daga Legas da Jidda da Landan. Babu rumfa, babu lemo. Tun da gwamnatin jihar ta hana bara a kan tituna a 2015, masu yawo da kwali da motar lasifika ma sun rage, waya ta maye gurbinsu.

Na zauna da wani saurayi da ya yi suna a wannan aiki a unguwar. Ya ce, "Baba, mutane gani suke kyauta ne." Sai ya lissafa mini: data, kuɗin zuwa asibiti a tabbatar da gaske ne, komawa a biya a karɓo rasit, a ɗauki hoton rasit a nuna wa jama'a, harajin naira 50 da ake cira a kan tiransifar da ta kai naira 10,000, ladan mai POS in za a ciri tsaba, kuɗin saƙon alat da banki yake yanka. Daga aljihunsa yake biyan mafi yawansu, don ranar da ya taɓa cire kuɗin mota daga abin da aka tara ya rubuta a fili, sai da aka kira shi ɓarawo a ƙarƙashin rubutun nasa.

Ga kuma 'yan damfara, masu kwafe hoton marar lafiya su canza lambar asusu. Duk wanda aka cuta sau ɗaya ya daina ba kowa, mai gaskiya da maƙaryaci. Dandalin GoFundMe da 'yan ƙasar waje suka yarda da shi ba a buɗe neman taimako a kansa daga Nijeriya. Sai an sami ɗan'uwa a Amurka ko Ingila ya buɗe da sunansa, kuma a Amurka ana cire kashi 2.9 cikin ɗari da santi 30 daga kowace gudummawa.

Akwai wani farashin da marayun da kansu suke biya. Hoton da ya fi tsuma zuciya shi ya fi kawo kuɗi: yaro da yagaggiyar riga, bazawara tana hawaye riƙe da ƙullin shinkafa. Hoton nan ba ya goguwa. Yaron zai girma ya same shi, abokan makarantarsa ma za su same shi. Wata Hajiya da ke shugabantar ƙungiyar mata a unguwar ta ce mini ita ta hana ɗaukar fuska, da dare ma suke kai kaya gidaje. Na ce, "Hajiya, ba ya rage muku samu?" Ta ce, "Yana ragewa mana, Malam. Mun zaɓi mu yi asarar kuɗin da mu sayar da mutuncin 'ya'yan mutane."

Masu dala

Tallafin waje ba baƙo ba ne a wannan yanki. Makarantar da yanzu ake kira Sardauna Memorial College da sunan Sheikh Sabah na Kuwaiti aka fara saninta, shaidar irin ƙofofin da Sardauna ya ƙwanƙwasa a ƙasashen Larabawa. A zamaninmu kuma Kaduna tana da misalin ƙungiyar da ta taso daga unguwa ta kai ga idon duniya: cibiyar sasanta mabiya addinai da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa a 1995, bayan sun yi gaba da juna a rikicin addini na 1992, wanda a cikinsa Faston ya rasa hannu, Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Sun yi shekaru suna aiki kafin hukumar USAID ta Amurka ta ba su babban shirin horar da shugabannin addini.

Kowace ƙaramar ƙungiya tana mafarkin irin wannan, amma ƙofar ba ta buɗuwa da sallama kawai. Sai an rubuta takardar neman tallafi da Turancin da masu tallafin suke so, da jadawalin kasafi, da ma'aunin da za a gane an yi nasara. Masu iya rubuta wannan sana'arsu ke nan, kuma ana biyansu ko an dace ko ba a dace ba. Ana son ofis, akanta, kwamfuta, intanet, rahoton shekarun baya. Wato sai kana da kuɗi kafin a ba ka kuɗi. In an ba ka, an ƙayyade abin da za ka taɓa na tafiyar da ofis. Gwamnatin Amurka ta daɗe tana ba ƙungiyar da ba ta da yarjejeniya ta musamman kashi 10 cikin ɗari, sai a Oktoban 2024 ta ɗaga zuwa 15. A taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 manyan masu tallafi sun yi alƙawarin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin gida kafin 2020. Su ma ba su cika ba.

Sannan igiyar tana iya tsinkewa dare ɗaya. A ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da tallafin waje na kwana 90. Kafin ƙarshen Maris an soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryen USAID, a farkon Yuli aka rufe hukumar. Majalisar Tarayyar Nijeriya sai da ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don toshe giɓin. Ƙungiyoyin da suka ɗauki ma'aikata suka kama hayar ofis da wannan kuɗi sun wayi gari ba albashi, kuma da yawansu sun daɗe da mance hanyar gidan mai ba da dubu ɗaya. Kwamitin kawuna bai ji girgizar ba, don dama bai taɓa ganin dala ba.

Hanyoyin da ba su cika ci ba

Na tambayi dattawan wace hanya ce ta fi albarka in aka cire abin da ta ci. Ba su yi gardama ba: akwatin masallaci ranar Juma'a, da faranti a wurin tafsirin azumi. Jama'a sun riga sun taru da ƙafarsu, ba wanda ya yi hayar kujera. Maƙwabtansu Kirista ma haka suke yi da baiko na ranar Lahadi da bikin godiya na kaka, kuma 'yan Zumuntar Mata sun shahara da karo-karo na wata-wata wanda ba ya buƙatar babban baƙo.

Sai fatun layya. Ƙungiyar Izala, wadda Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, ta mayar da wannan babbar hanyar samun kuɗi: 'yan agaji su bi gida-gida ranar Babbar Sallah, a tara, a sayar, a sanar da abin da kowace jiha ta kawo. Dabarar ita ce an nemi abin da mai shi ba ya jin zafin rabuwa da shi. Amma ko ita sai an sayi gishiri an barbaɗa a ranar kafin fata ta lalace, sai an yi hayar mota, sai an ciyar da yaran da suka yini a rana, sannan farashi yana hannun masu saye.

Mafi sauƙin duka shi ne wakafi. Wani masallaci da aka kai ni yana da 'yan shaguna a jikin katangarsa, da hayarsu ake biyan wuta da ɗan alawus na ladan da mai shara. An sha wahala sau ɗaya wajen gina su, tun daga nan ba a sake tsayar da kowa bayan sallah saboda kuɗin lantarki ba. A gida Sakkwato muna da hukumar zakka da wakafi, Kano ma tana da ta zakka da hubusi tun 2003, amma a matakin unguwa har yanzu mun fi son gina sabon aji da sunanmu a jiki a kan gina shagon da zai biya malamin ajin.

Rabon mai tarawa

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kunyar da muke ji game da wannan kuɗi ba daga addini muka samo ta ba. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta jera kashi takwas na waɗanda ake ba zakka, na uku a cikinsu ma'aikatan da ke tattara ta ne. Malaman Malikiyya sun ce a biya ma'aikacin gwargwadon aikinsa ko da mawadaci ne, don lada ne na aiki. A wajen Shafi'iyya, da suke raba zakka daidai tsakanin kason takwas, rabonsa ɗaya ne bisa takwas, wato kashi 12.5 cikin ɗari. Tun farko shari'a ta san sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ta kuma yi wa abin iyaka.

Turawa ma sun yi wannan muhawara. A Amurka hukumar BBB mai tantance ƙungiyoyin agaji ta sa ƙa'idar kada kuɗin nema ya wuce kashi 35 cikin ɗari na abin da aka tara. A 2013 ita da wasu manyan masu tantancewa biyu, GuideStar da Charity Navigator, suka rubuta wa masu bayarwa buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa su daina auna ƙungiya da ƙanƙantar kuɗin ofishinta kawai. Gidauniyar Ford ta ɗaga abin da take bayarwa na tafiyar da aiki zuwa kashi 20 a 2016. Ƙungiyar charity: water da ke tallar cewa duk abin da ka ba ta rijiya zai tafi, tana iya faɗar haka ne don ta ware wasu attajirai daban da ke biyan albashi da haya.

Mu kuwa muna son jin "ko sisi ba mu taɓa ba," alhali ba mu ware kowa ya biya ba. Sakamakon ɗayan biyu ne. Ko dai mutanen kirki su yi ta biya daga aljihunsu har su gaji su ajiye, ƙungiya ta mutu da tafiyarsu. Kawuna ya lissafa mini kwamitocin unguwa da suka watse ba tare da an saci ko kwabo ba, gajiya ce kawai. Ko kuma a riƙa cirewa a ɓoye, a ƙara a kan kuɗin buhu, a rubuta rasit ɗin da ba haka yake ba. Wanda ya fara ƙaryar rasit don kuɗin Keke ya koyi hanyar da wata rana za ta kai shi ga abin da ya fi Keke.

Maganin ba ya buƙatar doka daga Abuja. Kwamiti ya buɗe shafi a littafinsa na abin da aka kashe wajen nema, ya amince da iyakar da ba za a wuce ba, a karanta shi a masallaci ko a coci tare da jimillar da aka tara. In akwai mai hali a unguwa da ke son lada mai ɗorewa, a ce masa ya ɗauki wannan shafin, ya bar wa talakawa sayen shinkafar. Mu kuma masu bayarwa mu sauya tambaya. In an zo mana da takardar neman taimako, mu ce: bara nawa kuka tara a hannu, nawa kuka kashe kafin ku tara shi, wa ya biya? Ƙungiyar da ta buɗe littafi ta nuna adadi, a ba ta. Wadda ta ce ba ta kashe komai ba, ita ce ya kamata a zauna da ita a yi lissafi.